Faifan da aka yanke wa hukunci kafin a saurara

A ƙarshen 1995 da farkon 1996, a wasu zaurukan kiɗa na Amurka, mutane sun riƙa sayen tikiti da kuɗin aljihunsu, su shiga, su tsaya dab da dandamali. Idan mawaƙan suka ɗauko tsohuwar waƙa, sai wuri ya kaure da tsalle da amshi. Da zarar sun ɗauko sabuwa kuwa, sai wasu su juya musu ƙeya, wasu su zauna a ƙasa, wasu har su tofa musu yawu. Mawaƙan su ne Jawbreaker, samari uku mazauna San Francisco: Blake Schwarzenbach mai rera waƙa da kaɗa gita, Chris Bauermeister mai gitar nan mai kaurin murya, da Adam Pfahler mai ganguna. Laifinsu shi ne sun rattaba hannu da DGC, reshen babban kamfanin faifai na Geffen, a kan kuɗin da aka ce ya kai dala miliyan ɗaya, suka kuma fitar da kundin waƙoƙi mai suna Dear You ranar 12 ga Satumbar 1995.

Na daɗe ina sauraron wannan kundi, kuma ra'ayina a kansa bai taɓa rawa ba. An zalunce shi. Masu fushin suna da gaskiya a wani wuri, zan kuwa zo kan wurin, amma sun ɗauki fushin da ya kamata ya sauka a kan takardar kwantiragi suka sauke shi a kan waƙoƙi.

Wanda bai san duniyar kiɗan punk ba zai yi mamakin yadda karɓar kuɗi ya zama abin kunya ga mawaƙi. Mu nan mun tashi mun tarar da makaɗi da ubangidansa. Narambaɗa ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ba wanda ya ce waƙarsa ta rage daraja don an ba shi doki da riga. Su kuwa 'yan punk na Amurka a shekarun 1980 sun gina komai nasu ne a kan ƙin ubangida. Kiɗa ne mai sauri da ƙara, waƙoƙin gajeru, muryar mai rerawa kamar ta wanda ke faɗa. Manyan kamfanoni ba su kula su ba, gidajen rediyo ba su sa su ba, sai suka ce to mu ma ba ma so. Suna buga faifansu da kansu ko ta hannun ƙananan kamfanonin abokai, su liƙa bangon da hannu, su cika tsohuwar motar bas da kayan kiɗa su zaga gari gari, su kwana a ƙasan falon duk wanda ya ce bismillah. Mujallar Maximumrocknroll ta Tim Yohannan ita ce jaridarsu kuma kotunsu. A Berkeley da ke Kalifoniya akwai zauren 924 Gilman Street, wanda aka buɗe a daren ƙarshe na 1986, 'yan sa kai ne ke tafiyar da shi, kuma dokokinsa a bayyane suke: ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, ba wariyar launin fata, ba kuma ƙungiyar da ke ƙarƙashin babban kamfani da za ta hau dandamalinsa.

Wannan abin a yaba ne, kuma ina yaba shi da zuciya ɗaya. Yara ne marasa komai suka gina wa kansu gida.

Sai ƙungiyar Nirvana ta fitar da kundin Nevermind a 1991 a ƙarƙashin DGC, ya sayu miliyoyi. Sai Green Day, 'ya'yan Gilman na cikinta, suka bar ƙaramin kamfanin Lookout suka koma Reprise, suka fitar da Dookie a Fabrairun 1994, wanda ya haura kwafi miliyan goma a Amurka kaɗai. Daga nan wakilan manyan kamfanoni suka bazama cikin ƙananan zauruka da takardu a jaka, kowa na neman wanda zai zama Green Day na gaba. Mutanen gidan suka ga ana kwashe musu kaya, tsoro ya shige su, tsoron kuma ya rikiɗe ya zama farautar maciya amana. Abin ya yi muni har a 1994 wasu suka yi wa Jello Biafra na Dead Kennedys dukan kawo wuƙa a cikin Gilman suna kiransa wanda ya sayar da kansa, alhali mutumin nan kamfanin kansa yake da shi, ƙarami, bai taɓa zuwa ƙofar babba ba.

Cikin wannan zazzaɓi Jawbreaker suka sa hannu. Ga kuma inda masu fushi suke da gaskiya: bakinsu ne ya ja musu. Bayan sun buɗe wa Nirvana wasa sau shida a 1993, raɗe-raɗi ya tashi cewa su ma sun kusa tafiya, sai Schwarzenbach ya riƙa faɗa a bainar jama'a, a kan dandamali da cikin hira, cewa ba za su je babban kamfani ba. Mutane suka yarda da shi. Yaron da ya haddace kowace kalma ta 24 Hour Revenge Therapy, kundinsu na 1994, ya ji kamar babban wansa ne ya yi masa alkawari. Magana zarar bunu ce. Wanda aka saɓa wa alkawari yana da haƙƙin ya ji ciwo, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina wannan ciwon ba.

Amma saɓa alkawari abu ɗaya ne, lalacewar waƙa wani abu ne daban, kuma a nan na rabu da su.

Ƙarar da aka shigar a kan Dear You ita ce ya yi laushi. Muryar Schwarzenbach da aka sani da kaushi, kamar ana goga ƙarfe da dutse, ta koma santsi, kana jin kowane harafi. Gitocin sun yi kauri, an jera su hawa hawa. An kuma ɗauko Rob Cavallo, furodusan da ya yi Dookie, aka shiga situdiyon Fantasy a Berkeley aka shafe makonni, alhali yawancin kundin da ya gabata an naɗe shi ne cikin 'yan kwanaki a gidan mai naɗin sauti Steve Albini a Chicago. Duk wanda ya haɗa waɗannan ya ce ai ga shaida, kamfani ya saye su ya wanke su don rediyo.

Ni kuwa na ce a sa kunne. A ɗauki "Accident Prone". Waƙar ta haura minti shida, ta fara a hankali, gita ɗaya tana tafiya kamar mai ɗingishi, muryar a ƙasa ƙasa, mutum yana ba da labarin yadda yake jawo wa kansa rauni a kai a kai. Sai ta riƙa kumbura, gita bisa gita, har ta cika ɗaki ta danne ka, kuma ba ta ba ka wani amshi mai daɗi da za ka fita kana fito da shi ba. Wane gidan rediyo ne a 1995 zai sa wannan tsakanin tallace-tallace? Wanda yake neman kasuwa ba haka yake rubutu ba. "Jet Black" ma haka take, nauyi da duhu daga farko har ƙarshe. Ko "Fireman", wadda kamfanin ya zaɓa ya tura wa rediyo da tashar talabijin ta MTV, cike take da munanan mafarkai game da soyayyar da ta mutu. Dookie kundi ne na samari masu gundura da barkwanci, kana ji kana dariya. Dear You na mutum ne da ya kusa shekara talatin, ya gaji, ya kasa barci. Furodusa ɗaya ne, amma abin da ke cikin tukunyar ba ɗaya ba ne.

Game da murya kuma, a tuna cewa a 1992, suna tsakiyar rangadi a Turai, sai da aka yi wa Schwarzenbach tiyata aka cire masa wani tsiro a maƙogwaro. Ya ci gaba da kaushin bayan haka, gaskiya ne, domin 24 Hour Revenge Therapy bayan tiyatar aka yi shi. Amma mutumin da aka taɓa sa wa wuƙa a wuya saboda ihu, idan wata rana ya ga dama ya rera maimakon ya yi ihu, ban san wanda ke da ikon kiransa maci amana ba. Kuma abin da santsin ya fito da shi shi ne ainihin dukiyar ƙungiyar, wato kalmomi. Mutumin nan adabin Turanci ya karanta, daga baya ma ya koyar da shi a Kwalejin Hunter a New York. Marubuci ne da ya ɓuya a bayan ƙara shekaru da yawa. A Dear You ne aka fara jinsa tar.

Daɗin kari ma ba baƙo ba ne a gidan punk. Ramones, waɗanda ake kira iyayen abin, waƙoƙinsu na da amshin da yaro zai iya kamawa a ji ɗaya. Buzzcocks na Manchester haka. Hüsker Dü sun riga sun karkata ga kari mai daɗi tun suna ƙaramin kamfanin SST, kafin su koma Warner su fitar da Candy Apple Grey a 1986. Jawbreaker kansu tun daga Unfun na 1990 kari ne ke ɗauke da su, ƙurar naɗi mai arha ce kawai ta lulluɓe shi. A 1995 kuɗi ya share ƙurar, mutane suka ga abin da ya daɗe a wurin suka ce sabo ne.

Ba zan ce kundin ba shi da aibi ba. An cika tara gita har gangunan Pfahler da kiɗan Bauermeister suka koma baya, alhali a da su ukun kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Wannan yana damuna duk lokacin da na saurara, kuma ina jin alama ce ta tsagewar da ta riga ta fara a tsakaninsu. Amma wannan gardama ce ta masu sauraro, irin wadda ake yi bayan an ji waƙa. Waɗanda suka juya ƙeya ba su kai nan ba.

Inda haɗarin babban kamfani yake da gaske, Steve Albini ya riga ya nuna shi tun 1993 a maƙalarsa The Problem with Music. Lissafi ya yi dalla-dalla: ƙungiya ta karɓi kafin alƙalami na dala 250,000, ta sayar da kwafi 250,000, amma bayan an cire kuɗin situdiyo da furodusa da lauya da manaja da bidiyo da rangadi, kowane ɗan ƙungiya ya tashi da dala dubu huɗu da 'yan kai. Kafin alƙalami bashi ne, daga rabon mawaƙi ake zare shi, kuma faifan na kamfani ne. Abin da ya sami Jawbreaker ke nan. Dear You ya sayar da kimanin kwafi 40,000. A ƙaramin kamfani wannan babbar riba ce da za a yi walima a kanta. A wurin kamfanin da ya zuba miliyan yana jiran wani Dookie, asara ce, sai ya ɗauke kai. Tsofaffin masoya sun kore su, sababbi ba su zo ba, kamfani ya saki hannunsu. Rai ya ɓaci a cikin mota har Schwarzenbach da Bauermeister suka ba hammata iska, kuma a 1996 ƙungiyar ta watse. Kundin ya ɓace daga kantuna, sai a 2004 Pfahler ya nemo izini daga kamfanin ya sake fitar da shi a ƙaramin kamfaninsa na Blackball. Mutum ya koma neman izini a kan gangar da ya kaɗa da hannunsa. Da masoyan nan wannan suka yi wa zanga-zanga, da ina sahun gaba tare da su.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Yaran da ba su kai shekarun zuwa Gilman ba a 1995, waɗanda ba wanda ya yi musu alkawari balle a saɓa, suka tsinci Dear You a hannun 'yan gwanjo suka ji shi da kunne sabo. Daga cikinsu aka sami ƙungiyoyin da suka cika manyan filaye a shekarun 2000. A 2003 an fitar da kundin girmamawa ga Jawbreaker mai suna Bad Scene, Everyone's Fault, sunan da aka ɗauko daga wata waƙar Dear You, kuma Fall Out Boy suka sake rera "Save Your Generation" a cikinsa. Green Day ma an sake buɗe musu ƙofar Gilman a 2015. A Satumbar 2017 Jawbreaker suka dawo a bikin Riot Fest na Chicago, su ne manyan baƙin daren rufewa, gaban dubban mutane masu amsa waƙoƙin da aka taɓa tofa wa yawu.

Wasu na ba da wannan labari da murna, wai gaskiya ta yi halinta. Ni ba na jin murnar sosai. Lokacin da aka watse, Schwarzenbach bai cika shekara talatin ba, kuma ya fara gano abin da muryarsa za ta iya idan ya bar ta ta rera. Ya ci gaba da sabuwar ƙungiyarsa Jets to Brazil, ya yi aiki mai kyau, amma ba da waɗannan biyun ba. Pfahler ya koma tsaron shagon hayar finafinai a San Francisco, Bauermeister ya koma makaranta. Dear You shi ne kundinsu na huɗu, kuma a cikin shekaru 21 da suka yi a rabe ba a sami na biyar ba. Shi nake so in ji, kuma kamfanin da ya sake su da masoyan da suka juya ƙeya duk suna da hannu a rashinsa.