Sharhi: Ƙaramin lasisi ko babba? Zaɓin da ke gaban ma'aikatan jinya 'yan Najeriya a Amurka da Kanada

Ma'aikacin jinya da ya yi karatu a Najeriya, idan ya nemi aiki a Amurka ko Kanada, yakan tarar da lasisi iri biyu. Akwai na cikakken nas mai rajista, wato RN, akwai kuma na mataki na ƙasa, wato LPN, wanda ake kira LVN a jihohin Kalifoniya da Teksas. Mai ƙaramin lasisin yakan yi aiki ne a ƙarƙashin kulawar nas mai rajista ko likita, galibi a gidajen kula da tsofaffi, kuma horonsa a Amurka na kimanin shekara ɗaya ne.

Tazarar albashi ba ƙarama ba ce. Alƙaluman Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka na watan Mayun 2023 sun nuna matsakaicin albashin RN a shekara dala 86,070 ne, na LPN kuwa dala 59,730.

Sai dai ga wanda ke zaune a Kano ko Jos, batun biza ya fi albashi nauyi. Amurka ta sanya aikin RN cikin sana'o'in da ta amince ana ƙarancin ma'aikatansu, saboda haka asibitin da zai ɗauki nas daga waje ba sai ya fara tabbatar da cewa ya rasa Ba'amurken da zai yi aikin ba. LPN ba ya cikin wannan jeri. Ke nan ƙaramin lasisin ya fi amfanar wanda ya riga ya shiga ƙasar da takardar zama, misali ta hanyar aure, yana kuma buƙatar abin sawa a baka kafin ya kammala shirin babbar jarrabawa. Wanda ke fatan lasisin ne zai kai shi can, kusan hanya ɗaya gare shi: jarrabawar NCLEX-RN, wadda kuɗin rajistarta dala 200 ne, da ƙarin dala 150 ga mai rubutawa a wajen Amurka.

A Kanada lissafin ya bambanta. Tun shekarar 2005 lardin Ontariyo ya mayar da digiri sharaɗin zama RN. Da yawa daga ma'aikatan jinyar Najeriya sun fito ne daga makarantun jinya na shekara uku, ba daga jami'a ba, don haka tantancewa na iya ajiye su a matakin ƙasa ko da sun shafe shekara goma suna riƙe da ɗakin marasa lafiya. A nan karɓar ƙaramin lasisin ba gazawa ba ce, sau da yawa shi ne ƙofar da ke buɗe.

Matsalarsa ita ce yakan riƙe mutum. Da zarar albashi ya fara shiga, ga haya, ga 'yan uwa a gida na jiran aike, komawa aji sai ta yi ta ɗaguwa daga bana zuwa baɗi. Wannan gajen haƙuri ne 'yan damfara suka ci kasuwarsa. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo sayar da takardun shaidar jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu a jihar Filorida, kuma daga baya hukumomin jinya na jihohi suka bi sawun waɗanda suka samu lasisi da su.

Ko wane lasisi aka zaɓa, sai takardu sun bi ta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya domin tabbatarwa. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da ƙa'idar sai mai nema ya yi aiki na shekara biyu bayan samun lasisi, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Magatakardanta na lokacin, Faruk Abubakar, ya kare matakin da cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai.