Wasan Kiɗan Da Ba A Mantawa Da Shi: Abin Da Salisbari, Agadas Da Tumbutu Suka Koya Mana

Idan aka tambayi masu sha'awar kiɗa da waƙa wane taro ne ya fi zauna musu a rai, da wuya su fara da ƙarfin amsa-kuwwa ko tsadar kuɗin shiga. Abin da sukan fara ambata shi ne ranar da aka yi wasan, da halin da ƙasa take ciki a wannan rana, da irin mutanen da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da su. Makaɗi yakan yi wasa ɗari a shekara, amma ɗaya ko biyu kaɗai jama'a ke riƙewa har su ba ɗiyansu labari. Ya kamata mu bincika dalilin haka, domin amsar ta shafi magabata da masu shirya bukukuwa kamar yadda ta shafi makaɗa, musamman a yankinmu na Sahel, inda tun daga shekarar 2012 rashin tsaro ya rufe wa jama'a filayen taro da dama. Za mu ɗauki misalai uku daga nahiyarmu ta Afirka, biyu na wasan da ya auku, ɗaya na wasan da aka rasa.

Salisbari, 1980: wa aka buɗe wa ƙofa?

A daren 17 ga watan Afirilu na 1980 aka yi bikin samun mulkin kan ƙasar Zimbabuwe a filin wasa na Rufaro, cikin birnin Salisbari, wanda aka sake wa suna Harare a 1982. Ƙasar ta fito ne daga dogon yaƙi. Tun cikin watan Nuwamba na 1965 Turawa ƴan tsiraru, a ƙarƙashin Ian Smith, suka ɓalle daga Ingila don su ci gaba da mulkin baƙar fata, kuma sai a watan Disamba na 1979 aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a birnin Landan. Da tsakar wannan dare aka sauke tutar Ingila a gaban Yarima Charles da Robert Mugabe da manyan baƙi na ƙasashen duniya, aka ɗaga sabuwar tuta. Jim kaɗan bayan haka Bob Marley, mawaƙin ƙasar Jamaika, ya hau dandamali tare da ƴan ƙungiyarsa.

An gayyace shi ne saboda waƙarsa mai suna Zimbabwe, wadda ta fito a 1979, ta riga ta shiga kunnen masu fafutikar ƴanci. Shi ya biya kuɗin tafiyarsa daga aljihunsa, ya kuma ɗauko hayar jirgin sama wanda ya kawo kayan kiɗa kimanin tan 21 daga Landan. Sai dai masu shirya bikin sun yi kuskure ɗaya mai girma. Sun cika filin da masu katin gayyata, suka bar dubban talakawa a waje, cikinsu har da waɗanda suka riƙe bindiga a daji saboda wannan rana. Da mutanen waje suka ji kiɗa ya tashi, sai suka tura shinge suka kutso ciki. Ƴan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye, iska ta kwaso shi har kan dandamali, wasa ya tsaya. Bayan ƙura ta lafa mawaƙin ya dawo ya ƙarasa. Da ya fahimci waɗanda aka hana shiga su ne ainihin masu bikin, sai ya sake yin wani wasa washegari a filin nan, kyauta, ba kati ba tikiti, inda aka ƙiyasta mutum kusan dubu 100 suka hallara.

Bob Marley ya rasu ranar 11 ga watan Mayu na 1981, yana da shekara 36, wato wata 13 bayan wannan biki. Har yau ana ambaton waɗannan wasanni biyu a cikin tarihin ƴancin Zimbabuwe. Darasin farko ke nan: biki na jama'a ne, kuma duk tsarin da ya ajiye manya a kujera ya bar masu biki a bayan katanga yana ɗauke da fitinarsa tun kafin a buga ganga.

Agadas, 2010: kiɗa a gindin hasumiya

Misali na biyu na gida ne, kuma shi ya fi cancantar mu dakata a kansa. Jahar Agadas ta ga tawaye sau biyu cikin shekara 20. Na farko ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga watan Afirilu na 1995, ranar da ƙasarmu ta mayar ranar haɗin kan ƴan ƙasa, kuma a watan Satumba na 2000 aka ƙone makamai a Agadas don tabbatar da sulhu. Na biyu ya ɓarke a watan Fabrairu na 2007 da harin da aka kai Ifarwan. A watan Agusta na wannan shekara gwamnati ta kafa dokar zama cikin shiri a jahar baki ɗaya. Nakiyoyin da aka binne a kan hanyoyi suka hana zirga-zirga, baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, kuma da ɗaukewarsu abincin direbobi da ƴan jagora da maƙeran azurfa da masu masauki ya yanke. Ba a ɗage dokar ba sai a watan Nuwamba na 2009, bayan ƴan tawaye sun ajiye makamai ta hanyar shiga tsakanin ƙasar Libiya.

A cikin waɗannan shekaru gita ta zama abin tuhuma a hannun saurayi Ba'abzine, domin tun daga shekarun 1980 waƙoƙin gita su ne suka ɗauki saƙon ƴan gudun hijira da na ƴan tawaye, daga kaset zuwa kaset. Umara Muktar, wanda duniya ta sani da sunan Bombino, haifaffen 1980 ne, kuma yana yaro ya fara sanin gudun hijira a Aljeriya lokacin tawayen farko, inda ya koyi gita. A tawaye na biyu abokan kiɗansa biyu suka rasa rayukansu, shi kuma ya tsere zuwa Wagadugu. A can ne wani mai shirya fim ɗan Amurka, Ron Wyman, ya same shi a 2009.

A watan Janairu na 2010 Bombino ya komo gida. Da yardar Sarkin Abzin, marigayi Ibrahim Umaru, aka shirya masa wasa a fili, a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, wannan gini na ƙasa mai tsawon mita 27 wanda asalinsa ya koma ƙarni na 16. Mutum fiye da dubu suka taru, maza da mata, yara da manya, aka yi rawa a bainar jama'a a garin da ya shekara fiye da biyu cikin ɗar-ɗar. An ɗauki hoton wasan, ya shiga cikin fim ɗin da Ron Wyman ya yi a kan garin da kiɗansa da tawayensa.

In an auna da manyan wasanni na Turai, taron ƙarami ne, kayan aikinsa kuma masu sauƙi. To me ya ba shi nauyi? Abu na farko shi ne lokacin: makonni kaɗan bayan ɗage dokar, sa'ad da mutane suke jin labarin sulhu a rediyo amma ba su gan shi da idonsu ba. Takardar sulhu manya ke sa mata hannu a ɗaki, talaka kuwa ba ya gaskata ta sai ranar da ya fita da iyalinsa cikin taro ya komo gida lafiya. Abu na biyu shi ne wurin da kuma wanda ya ba da izini. Kayan kiɗan da jiya ake ɓoyewa, yau ga shi ana kaɗa shi a tsakiyar gari, kusa da fadar sarki, da saninsa da albarkarsa. Wannan sanarwa ce wadda kowa ya fahimta ba tare da tafinta ba: an yafe, an komo, gari na kowa ne. Abu na uku, ba a tsayar da kowa a ƙofa ba. Kuskuren da aka yi a Salisbari a daren farko ba a yi shi a Agadas ba.

Bayan wannan wasa sunan Bombino ya ƙetare teku. Faifansa mai suna Agadez ya fito a 2011, Nomad a 2013, Deran a 2018, wanda ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin jerin masu takarar kyautar Grammy ta Amurka. A 2013 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya.

Tumbutu, 2012: wasan da aka rasa

Misali na uku yana nuna ɗaya fuskar al'amarin. A maƙwabciyarmu Mali, bayan an ƙone makamai a Tumbutu a watan Maris na 1996, an kafa bikin kiɗan hamada a watan Janairu na 2001. Daga 2003 ana yin sa a Esakan, cikin tuddan rairayi na yamma da Tumbutu, kuma a wannan shekara Ali Farka Ture da Umu Sangare da ƙungiyar Tinariwen suka yi wasa a dandamali ɗaya da Robert Plant na Ingila. Makiyaya sukan zo a kan raƙuma, baƙi su zo daga Turai, a kwana uku ana kiɗa ana ciniki. Da barazanar masu satar mutane ta ƙaru, sai aka matso da bikin bakin garin Tumbutu a 2010. An yi na ƙarshe a watan Janairu na 2012, kuma kwanaki kaɗan bayan an watse sabon tawaye ya ɓarke a arewacin ƙasar. A watan Agusta na wannan shekara masu ɗauke da makamai da suka mamaye Gawo suka haramta kiɗan zamani a gidajen rediyo, makaɗa da yawa suka gudu Bamako da ƙasashen maƙwabta.

Abin lura a nan shi ne matakan da lalacewar ta bi. Da farko biki ya bar daji ya matso gari, sannan baƙi suka ragu, sannan ya tsaya ɗungum. Wanda ya bi labarin wannan biki daga 2009 zuwa 2012 ya ga alamun ciwon ƙasa tun kafin ya kwantar da ita. Taron kiɗa ma'auni ne na zaman lafiya, domin shi ne kan gaba wajen ɓacewa idan tsoro ya shigo, kuma komowarsa ita ce shaidar da jama'a suka fi yarda da ita cewa tsoro ya fita.

Abin da ya rage mana

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan sani. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jahohi, inda ƙungiyoyin samariya suke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Ta wannan hanya ɗan Maraɗi ya ji kiɗan Difa, ɗiyar Doso ta ga rawar Abzin. A shekarun 1980 aka kafa gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin Tawa, aka kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. A watan Disamba na 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, waɗanda suka haɗa motsa jiki da al'adu. Dattawan da suka halarci bukukuwan samariya suna ba da labarinsu har gobe, kuma dalilin bai bambanta da na Agadas ba: ƙofa a buɗe take, kuma kowa ya ga nasa a kan dandamali.

Tun daga 2015 a jahar Difa, da 2017 a wasu sassan Tilaberi da Tawa, aka shiga kafa dokar ta-ɓaci saboda hare-haren ƴan ta'adda, abin da ya taƙaita tarukan dare a wurare da yawa. A lokaci guda kuma wayar salula ta kai waƙa aljihun kowa, har saurayi yana iya sanin waƙoƙin makaɗi duka bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Makaɗanmu irin su Bombino da Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, sun cika zauruka a Turai da Amurka. Abin alfahari ne, amma akwai hasara idan yaron Abalak ko na Tasawa ya girma yana kallon makaɗin ƙasarsa a cikin waya kaɗai, yana yi wa baƙi wasa. Waya tana kawo sauti, amma ba ta tsayar da Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Ba'abzine da Babarbare a fili ɗaya suna tafi tare.

Saboda haka akwai abubuwan da ya dace magabata da masu shirya bukukuwa su riƙe. Duk inda tsaro ya samu, a gaggauta mayar wa jama'a filinsu, ko da da rana ne, ko da taron ƙarami ne, kada a jira sai an sami kuɗin babban biki. A shigar da sarakuna da shugabannin unguwa cikin shiri tun farko, domin yardarsu ita ke kwantar da hankalin iyaye. A gyara gidajen matasa da al'adu na jahohi, a kuma biya makaɗi hakkinsa a kan lokaci, tun da shi ma magidanci ne mai ciyar da iyali. Idan za a karɓi kuɗin shiga, a sa shi daidai aljihun talaka, idan kuwa ranar ta ƙasa ce, a bar ƙofa a buɗe.

Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mutanen Agadas da suka tsaya a gindin hasumiya a watan Janairu na 2010 sun san farashin wannan magana, haka ma makaɗan Tumbutu da Gawo da suka bar gidajensu a 2012. Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya.