ZAUREN IYALI: Wasiƙar Sennakerib

Zancenmu na wannan wata a kan tsoro ne, gama shi ne baƙon da ya sauka a gidaje da yawa na ƙasarmu, ya kuwa ƙi tafiya. Akwai ƙauyukan da manomi ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa sai da izinin 'yan bindiga. Akwai inda akan aiko wa mai gari takarda, ko a buga masa waya, a ce a tara kuɗi kaza kafin rana kaza, in ba haka ba a ga abin da zai biyo baya. Tun daren 14 ga Afrilu 2014, sa'ad da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, uwa ba ta ƙara kai ɗanta makarantar kwana da kwanciyar rai irin ta dā ba. Bayan Chibok aka yi Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe da makarantar Bethel Baptist ta Kaduna a 2021, sa'an nan Kuriga a 2024. Masifar nan ba ta bar Kirista ba, ba ta kuma bar Musulmi ba. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mudun hatsi ya fi ƙarfin magidanta da yawa.

To, me mai bi zai yi? Ce wa mutum kada ya ji tsoro abu ne mai sauƙi a baki. Amma wanda ya kwana a kan dutse da 'ya'yansa saboda jin ƙarar babura yana bukatar magana mai nauyi fiye da wannan. Saboda haka bari mu dubi wani sarki wanda shi ma aka aiko masa da wasiƙar barazana. Labarinsa yana cikin littafin Sarakuna na biyu, sura 18 da 19, da kuma Ishaya sura 36 da 37.

A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya kawo wa ƙasar Yahuza yaƙi. A zamanin nan babu rundunar da ake tsoro kamar tasa. Ya cinye Lakish, birni mai garu, har ya sa aka sassaƙa hoton cin birnin a bangon fadarsa a Nineba. Duwatsun nan suna nan a gidan tarihi a London har yau. Magatakardansa sun rubuta cewa ya ci birane 46 masu garu na Yahuza, ya kuma kulle sarki Hezekiya cikin Urushalima kamar yadda ake kulle tsuntsu a keji. Watau abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa, maƙiyin kansa ya shaida shi. Tsoron mutanen Urushalima yana da dalili, kamar yadda namu yake da dalili.

Da fari Hezekiya ya biya

Abin da Hezekiya ya fara yi shi ne neman sulhu da kuɗi. Aka ɗora masa talanti 300 na azurfa da talanti 30 na zinariya. Ya kwashe baitulmali, har ya ɓamɓare zinariyar da ke ƙofofin Haikali ya bayar. Sennakerib ya karɓa, ya kuma aiko da runduna duk da haka. Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnen mutanen ƙauyukanmu: a biya harajin noma, a sake neman na girbi. Ba mu faɗi wannan domin mu hukunta uban da ya sayar da gona da shanu ya fanshi 'yarsa ba. Wa ke da bakin yi masa faɗa? Abin da muke koya shi ne, mugu ba ya ƙoshi, kuɗi kuma yana iya sayen jinkiri, amma bai taɓa sayen salama ba. Wanda ya kafa zuciyarsa a kan abin da ya biya, zai sake shiga fargaba ran da aka sake bugo waya.

Ya yi shiri kamar mai hankali

Littafin Tarihi na biyu, sura 32, ya nuna mana Hezekiya bai naɗe hannu ba. Ya yi shawara da manyansa, ya gyara garun da ya zube, ya tanadi kayan tsaro, ya toshe maɓuɓɓugan da ke bayan gari domin kada maƙiyi ya sami ruwa. Ya sa aka huda dutse, aka jawo ruwan Gihon zuwa cikin birni. Ramin nan yana nan, tsawonsa wajen mita 533, mutane suna bi ta ciki har yanzu. A 1880 aka ga rubutu a bangonsa mai bayyana yadda maginan suka taso daga gefe biyu suka haɗu a tsakiya.

Mu lura, 'yan'uwa, mutumin da Littafi ya yaba masa saboda dogara ga Ubangiji, shi ne mai haƙa rami da gyaran garu. Bangaskiya ba ta hana rigakafi. In ekklesiya ta sa masu gadi a ƙofa ranar Lahadi, in an dawo da taron addu'a na dare zuwa yamma, in makaranta ta gyara shinge ta koya wa yara inda za su bi in an ji harbi, in iyali sun tashi daga ƙauye na ɗan lokaci, babu rashin bangaskiya a ciki. Yusufu ma ya tashi da dare ya gudu da Yesu da uwarsa zuwa Masar, bisa ga umarnin Allah. Kada wani ya sa wa ɗan gudun hijira kunya.

Ya kame bakin jama'a

Sennakerib ya san cewa birni yakan faɗi ta kunne kafin ya faɗi ta garu. Ya aiko da babban jami'insa, Rabshakeh, wanda ya tsaya kusa da garu yana ɗaga murya da harshen Yahudanci. Fadawan Hezekiya suka roƙe shi ya yi magana da Aramiyanci, wanda su kaɗai ke ji. Ya ƙi, gama nufinsa talakawan da ke kan garu su ji, gabansu ya faɗi. Ya lissafta musu al'umman da allolinsu suka kāsa cetonsu, ya ce nasu ma haka zai zama. Jama'a kuwa suka yi shiru, domin sarki ya umarta kada a amsa masa.

A yau Rabshakeh yana cikin aljihunmu. Hoton gawa, muryar wani da ba a san shi ba yana cewa za a shigo gari yau da dare, bidiyon da aka ɗauka a wata ƙasa aka ce na garinmu ne: duk muna karɓa mu tura wa wasu kafin mu bincika. Wanda ya tura irin wannan ya yi wa maƙiyi aiki kyauta. In labari na gaskiya ne, a kai shi wurin mai unguwa, da dattawan ekklesiya, da jami'an tsaro, waɗanda za su iya yin wani abu a kai. In ba a tabbatar ba, ya mutu a hannunmu.

Ya shimfiɗa wasiƙar a gaban Ubangiji

Daga baya Sennakerib ya aiko da barazanarsa a rubuce. Hezekiya ya karanta, ya hau zuwa Haikali, ya warware takardar ya shimfiɗa ta a gaban Allah. A nan ne zuciyar labarin take. Bai ɓoye wasiƙar ba, bai kuma ce ƙarya ce ba. Cikin addu'arsa ya yarda cewa sarakunan Assuriya sun hallaka ƙasashe da gaske. Amma ya fara da ambaton wanene Allah, Mahaliccin sama da ƙasa, mai mulki bisa dukan mulkoki. Sa'an nan ya roƙi ceto domin duniya ta san Ubangiji shi kaɗai ne Allah.

Dogara ga Allah ke nan: mutum ya kira abin da yake tsoro da sunansa, ya ajiye shi a inda ya fi ƙarfinsa. Da yawa cikinmu muna ɗauke da wasiƙunmu a ƙirji, takardar asibiti, bashin taki, kuɗin makarantar yara, ɗan da ya tafi bai dawo ba. Mukan kai su wurin kowa, sai dai wurin Mai iko. Allah ya amsa wa Hezekiya ta bakin annabi Ishaya, a dare ɗaya kuwa mutum 185,000 suka mutu a sansanin Assuriya. Sennakerib ya koma Nineba, a duk fahariyar da ya rubuta kuma bai iya cewa ya ci Urushalima ba. Shekara 20 bayan haka, a 681, 'ya'yansa na cikinsa suka kashe shi.

In ceton bai zo yadda muka roƙa ba fa?

Dole mu yi wannan tambaya, gama akwai masu karanta wannan shafi da suka yi azumi da addu'a, duk da haka suka binne nasu. Ayyukan Manzanni sura 12 ta ba da labarin manzanni biyu a hannun Hirudus ɗaya. Aka kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Ba wanda zai ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya. Daga cikin 'yan matan Dapchi 110 da aka kama a Fabrairu 2018, aka sako sauran da suka rayu bayan wata ɗaya, aka riƙe Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14, domin ta ƙi musun Almasihu. Shekaru suka yi ta wucewa iyayenta suna jira. A Janairu 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi a Michika. Cikin hoton bidiyon da masu garkuwa da shi suka ɗauka, ya yi magana a natse, ya nuna ransa yana hannun Allah ko an sake shi ko ba a sake shi ba. A watan nan aka kashe shi.

Allah bai yi mana alkawarin cewa takobi ba zai taɓa mu ba. Ɗansa ma bai tsallake gicciye ba. Alkawarinsa shi ne ba zai rabu da mu ba, mutuwa kuma ba ita ce maganar ƙarshe ba, tun da kabarin Yesu ya zama wofi. Mugunta kuwa tana da ranar hisabi, ko ta jinkirta kamar ta Sennakerib. Mu tuna da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya soma a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne. A Oktoba 2014 aka ƙwace hedkwatarta a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos. Aka ƙone majami'unta masu yawa. Amma ta koma gida, a 2023 kuma ta yi bikin cika shekara 100.

Ramuka biyu a bakin hanya

Tsoro yakan tura mai bi cikin ramuka biyu. Na fari shi ne komawa ga boka. Mun ga samari da suka yi baftisma suna ɗaure da laya da guru, wai maganin bindiga, wasu ma iyayensu ne suka nemo musu. Sarki Saul ya bi wannan hanya da dare zuwa Endor sa'ad da ya ga rundunar Filistiyawa, bai kuwa samo kome ba sai ƙarin firgita. Ba a riƙe Almasihu da hannu ɗaya a riƙe tsafi da ɗaya.

Rami na biyu shi ne ramuwa da ƙiyayya. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa yakan so ya huce a kan duk mai kama da maƙiyinsa, ko da matafiyi ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tsare gida daban, farautar marar laifi daban. Mu tuna da Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a ƙasar Barikin Ladi, wanda a Yuni 2018 ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Wanda ya ce duk maƙwabcinmu maƙiyi ne, ya yi wa wannan dattijo ƙarya. Hukunci na Allah ne da na hukuma, namu shi ne mu faɗi gaskiya, mu nemi adalci ba fasawa, mu kuma yi wa masu tsananta mana addu'a kamar yadda Ubangiji ya koya mana.

Abin da yara ke gani

Mu da ke tsayawa a gaban aji mun san gidan da tsoro ya yi wa sarauta. Yaron yakan zabura in ƙofa ta buga, yakan yi gyangyaɗi domin bai yi barci ba, wani kuma yakan zo da maganganun ƙiyayya waɗanda ba shi ya ƙirƙiro su ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Iyaye, kada mu yi wa yara ƙarya cewa babu kome, gama suna da kunne. Kada kuma mu zuba musu duk abin da muka ji. Mu gaya musu daidai ƙarfinsu, mu nuna musu shirin da muka yi, sa'an nan su gan mu a durƙushe.

Ga shawararmu ta wannan wata. A sujadar iyali ta yamma, a karanta labarin Hezekiya kaɗan kaɗan har a gama. Kowa a gidan, har ƙaramin da ya iya riƙe fensir, ya rubuta abin da yake tsoro a 'yar takarda. Maigida ko uwargida ta shimfiɗa takardun a kan Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a a kan kowace ɗaya da sunanta. Bayan haka a tambayi juna wane rami ne ya kamata mu haƙa, wane garu ne za mu gyara. A kuma duba cikin ekklesiya, akwai gwauruwa ko 'yan gudun hijira da za a kai wa mudun masara? Sau da yawa amsar addu'ar ɗan'uwa tana cikin rumbunmu, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya ta'azantar da masu makoki, ya komo da waɗanda ke hannun mugaye. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.