Kyautar Da Ta Fi Saye Tsada

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda ya je gida hutu a ƙarshen shekarar 2024, ya zauna a teburin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, lalle ya ji gardamar da za mu yi magana a kanta. A lokacin ne ƙungiyar Kano Pillars ta ɗauki mashahuran 'yan wasa biyu, Ahmed Musa da Shehu Abdullahi, bayan sun gama zamansu a ƙasashen waje, babu wata ƙungiya da ke da igiya a kansu. Nan da nan samari suka rabu gida biyu. Waɗansu suka ce Masu Gida sun yi tsintuwa, tun da ba su biya wani kulob ko anini ba. Waɗansu kuwa suka ce an sayi suna ne, ƙafa ta riga ta gaji.

Kada wani ya yi mamakin yadda zancen ƙungiyar Kano ya hana samarin Zamfara barci. Shehu ɗan Sakkwato ne, mu kuwa sai ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke mu daga Jihar Sakkwato. Ban da haka, tamu ƙungiyar ta Gusau, watau Zamfara United, ta faɗo daga babbar gasar ƙasa a 2011, shekaru suka yi ta wucewa ba ta koma ba. Wanda ba a yi biki a gidansu ba, a na maƙwabta yake rawa.

Mu dai ra'ayinmu shi ne, ɓangarorin nan biyu duk sun bar jaki suna dukan taiki. Suna musu a kan ko ƙafar wane tana da sauran ƙarfi, alhali tambayar da ta kamata mai ilmi ya yi ita ce: kuɗin wa ake kashewa, wa ya ga lissafinsu, kuma me za su bari a ƙasa in wanda aka saya ya tafi?

Bari mu fara da kalmar nan ta kyauta, gama a kanta aka fi ruɗin mutane. Dā can a Turai, ko kwantiragin ɗan wasa ya ƙare, ƙungiyarsa tana iya riƙe shi sai an biya ta. Wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman, wanda kwantiraginsa da ƙungiyar Liège ya ƙare a 1990 aka hana shi komawa Dunkerque ta Faransa, shi ne ya kai ƙara. Ran 15 ga Disamba 1995 Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Daga nan ne aka wayi gari wanda wa'adinsa ya cika ya zama ɗa, ya tafi inda ya ga dama. Ba mu ƙin wannan hukunci ko kaɗan. Ɗan wasa ma'aikaci ne, ba bawa ba, kuma duk abin da ya kwance wa ma'aikaci mari muna murna da shi.

Amma fa a lura. Kuɗin da dā ake ba tsohuwar ƙungiya ba ɓacewa suka yi ba, hanya suka sake. Yanzu sukan shiga kuɗin sa hannu, da albashi mai nauyi, da la'adar dillali, da gida, da mota, da alawus. Wanda aka ba kyautar ingarma, aka ce kullum sai ya ba shi dawa kwano goma, shi ya san ko kyauta aka yi masa ko kaya aka ɗora masa. Sa'an nan ɗan wasan da ya haura shekara talatin ba a sayar da shi a ci riba. Abin da aka kashe a kansa ya tafi ke nan, sai dai abin da ya yi a fili kafin ya rataye takalmi.

To, in mai kuɗi ne ya kafa ƙungiyarsa da dukiyarsa, ya ga dama ya zuba ta a rijiya, ba mu da ta cewa. Amma galibin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne. Kano Pillars ta gwamnatin Kano ce, Katsina United ta gwamnatin Katsina ce, Zamfara United ta gwamnatin Zamfara ce. Watau daga baitulmalin da ake biyan malamin firamare, ake sayen maganin asibiti, daga nan ne ake ɗiban kuɗin ɗan wasa. Saboda haka mai sayar da tumatir a kasuwar Talata, wanda bai taɓa shiga filin wasa ba, yana da haƙƙi a cikin kowace kwantiragi da aka sa wa hannu da sunan jiharsa. To, muna tambaya: a cikin masu ɗaga murya a gidan kallo, wa ya taɓa ganin takardar da ta nuna abin da ƙungiyarsa ta samu da abin da ta kashe a shekara? Mukan san farashin ɗan wasan Ingila har kwabonsa, amma namu na gida sai ji-ta-ji-ta. Wannan abin kunya ne gare mu, mu da ake kira 'yan boko.

Masu goyon bayan sayen manyan sunaye suna da hujjoji, kuma ba za mu yi musu rashin adalci ba. Sukan ce babban ɗan wasa yana cika fili da 'yan kallo, yana jawo hankalin 'yan jarida, yara kuma suna koyo daga gare shi. Gaskiya ne. Wanda ya jefa wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake jefa wa Aisland biyu a ta 2018, ba ƙaramin abu ba ne ya dawo ya taka leda a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ba mu ga laifin Ahmed Musa ko Shehu Abdullahi ba. Da yawa sun samu duniya sun manta hanyar gida, su kuwa sun dawo. Maganarmu da masu riƙe da jakar kuɗi ce, da mu kanmu da ke yi musu tafi.

Tarihin Pillars ɗin da kansa shi ne babban mashaidinmu. An kafa ta a 1990. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, da 2012, da 2013, da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Da waɗanne irin 'yan wasa ta yi zamaninta na ɗaukaka? Ahmed Musa yana yaro ɗan shekara 17 ya ci mata ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa ci a ƙasar nan, kafin ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Shehu Abdullahi yana saurayi ya yi mata wasa tsakanin 2012 da 2014, shekarun kofuna uku a jere. Watau mutanen nan biyu da ake gardama a kansu, amfaninsu mafi girma ga ƙungiyar ya zo ne tun duniya ba ta san su ba, tun suna da araha.

Dubi kuma ɗaya gefen. A watan Afrilu na 2021 Ahmed Musa ya dawo Pillars karo na farko, bayan ya rabu da Al Nassr ta Saudiyya. Gari ya ɗauka. Bayan 'yan watanni ya wuce Turkiyya. A 2022 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta farfaɗo ta dawo. Ba mu ce zuwansa ko tafiyarsa ne ya kayar da ita ba. Abin da muke cewa shi ne, suna komai girmansa ba ya tsai da ginin da harsashinsa ya jiƙe. Zanen aro ba ya rufe katara. A kakar 2024 zuwa 2025 kuwa, wadda aka yi ta wannan gardama a cikinta, wa ya ɗauki kofi? Remo Stars ce ta garin Ikenne a Jihar Ogun, ƙungiyar ɗan kasuwa Kunle Soname, wadda ke da makarantar renon yara mai suna Beyond Limits. Ikenne ba babban birni ba ne. Mutum ne ya yi fili, ya tara yara, ya yi haƙuri.

Akwai kuma wata doka ta hukumar FIFA da ya kamata kowane mai horar da yara a ƙauyukanmu ya haddace. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Sa'ad da Leicester ta Ingila ta sayi Ahmed Musa daga CSKA Mosko a 2016, an ba da labarin kuɗin sun kai kimanin fam miliyan 16. Kashi 5 na wannan ya kama fam dubu 800. Amma sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance da rajista, yaron kuma sunansa yana rubuce a littafinta. Yaron da ya tashi yana buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare a Maradun, in Allah Ya ɗaukaka shi gobe, garinsu ba zai ga ko sisi ba muddin babu takarda. Wanda ya reno yana da rabo har ƙarshen tafiya, wanda ya sayi nunanne kuwa ya ci ya wanke hannu ke nan.

Manomin Bakura ba ya bukatar digiri kafin ya gane wannan. Ya san bambancin mai sayen shinkafa a kasuwa da mai dasa ta a fadama. Mutanen yankinmu kuma sun fi kowa sanin abin da kan faru in aka narkar da dukiyar jama'a ba tare da an tambayi jama'a ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 da kuɗi masu ɗimbin yawa, da kamfani daga Italiya, amma manoman da aka karɓe wa gonaki da suka nemi diyya, a watan Afrilu na 1980 da harsashi aka amsa musu. Ba muna kwatanta jinin bayin Allah da wasan ƙwallo ba ne, Allah Ya kiyaye. Darasin ne ɗaya: duk aikin da aka yi da sunan talaka, aka ɓoye masa lissafi, ƙarshensa nadama.

Kada kuma mu ce ba mu da bakin magana. Garuruwan nan uku kowannensu ya haifi gwamna. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan kujera tana hannun 'ya'yan yankin. A cikin waɗannan shekaru mun je gaisuwa, mun nemi aiki, mun nemi kujerar Makka. Sau nawa ƙungiyar ɗalibai ta je da takarda tana neman a kewaye filin wasa, a ɗauki malamin motsa jiki, a farfaɗo da gasar makarantu? In ba mu roƙa ba, da wane baki za mu yi kuka? Ga shi kuwa muna zaune a ƙasar da 'yan bindiga ke zawarcin saurayin da ba shi da abin yi. Filin ƙwallo ba zai kawar da wannan masifa shi kaɗai ba, amma yaron da ke da koci, da riga mai lamba, da wasa ran Juma'a da la'asar, yana da abin da zai tashi dominsa.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, a Gusau da Kano da duk inda gwamnati ke riƙe da ƙungiya.

Na farko, kowace shekara a kai lissafin ƙungiya gaban Majalisar Dokoki ta jiha, a buga shi kowa ya gani: abin da aka samu a ƙofa, abin da gwamnati ta bayar, da abin da aka biya 'yan wasa da dillalai.

Na biyu, kada a ɗauki sabon ɗan wasa muddin na cikin gida yana bin bashin albashi. Ba a yi wa baƙo yanka a bar 'ya'yan gida da yunwa.

Na uku, a kafa ƙa'ida cewa duk nairar da aka kashe wajen ɗauko ɗan wasan da ya riga ya yi suna, a kashe kwatankwacinta wajen renon yara 'yan ƙasa da shekara 17.

Na huɗu, a yi gasa ta shekara-shekara tsakanin ƙananan hukumomin Zamfara 14, a kuma yi wa kowace ƙungiyar gari rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, da sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa ta gaskiya.

Ku ɗalibai, musamman na Kwalejin Abdu Gusau da jami'ar jiha da ke Mafara da sauranmu da ke karatu nesa da gida, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Littafi ɗaya da alƙalami sun isa a fara rajistar yaran unguwa a hutu mai zuwa. Ku kuma matasan ma'aikata, ta hannunku fayil ke bi. In aka kawo takardar fitar da kuɗi don ɗauko wani mai suna, ba rashin ladabi ba ne ku rubuta a gefe: ina kason yara? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba mu ce a daina gardama a gidan kallo ba, ita ce gishirin wasa. Amma in an sake tayar da ita, wani ya ce an samu ɗan wasa kyauta, to, a tambaye shi wa ya biya. In ya rasa amsa, a nuna masa mai tumatir ɗin nan na kasuwar Talata, da ɗansa da ke bin ƙwallon tsumma a bayan masallaci. Allah Ya sa mu gane, amin.