JIBO BAKARI DA TIYAR HATSI

Ya ku 'yan'uwa na rassan Dakoro, da Kornaka, da Birnin Lalle, da Bermo,

Ran 16 ga watan Afrilu 1998 Allah ya yi wa Jibo Bakari rasuwa a Yamai. Allah ya jiƙansa. In an ambaci sunansa, abin da a kan fara tunawa shi ne ƙuri'ar ran 28 ga Satumba 1958, sa'ad da ya ce wa Janar Dagol a'a. Lalle ya cancanta. Amma fa akwai aikin da ya riga wannan, shi ne kuwa ya fi shafarmu.

An haifi Jibo a Sudure cikin 1922. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar a Birnin Konni da Agadas. Da ya so, da ya zauna yana karɓar albashinsa har tsufa. Sai ya aje alli. Bayan ya raba hanya da RDA ba shi da kujera ba shi da albashi, ya kama noman lambu a gefen Yamai, ya shiga haɗa 'yan ƙwadagon gona cikin ƙungiya guda. Su wa suka bi shi? Direbobi da yaran mota, da teloli, da mahauta, da 'yan koli, da manoman gyaɗa waɗanda kamfanonin Turawa su ke yanka wa kuɗi a bakin sikeli. Da irin waɗannan ya kafa UDN cikin 1954, ya zama magajin garin Yamai cikin 1956, ya jagoranci gwamnati cikin 1957. Kalmar Sawaba kanta ma'anarta sauƙi, watau abin da talaka ya ke nema.

Sauran labarin kun san shi. An haramta jam'iyya cikin Oktoba 1959, ya yi gudun hijira, yunƙurin 1964 ya ci rayuka da yawa, ya komo gida cikin 1974, aka ɗaure shi cikin 1975.

To, jama'a, kamfanonin gyaɗa sun tafi da sikelinsu, amma tiya tana nan. Da kaka manomi ya kan kai gero kasuwa ya sayar da arha, don ga lanho, ga bashi, ga hidimar biki. Mai kuɗi ya saya ya kulle. Damina ta faɗi, rumbu ya ƙare, sai manomin nan ya komo ya sayi geronsa da tsada, ko kuwa ya ci bashin buhu ɗaya ya biya biyu. Ashe gonar tasa ce, amfanin na wani. Ba mu manta da 2005 ba: ga hatsi jibge a kasuwannin Maraɗi, ga yara ana ta kai su wurin Likitoci Marasa Iyaka nan Dakoro sabo da tamowa. Cikin 2010 kuma makiyayan Gadabeji suka sayar da shanun da yunwa ta kayar a kan kuɗin da bai kai na buhu ba.

Matan jihar nan sun riga mu tashi, in ma za a faɗi gaskiya sun ba mu kunya. Tun 1991 Mata Masu Dubara su ke zuba ɗan abin da ya samu cikin akwati kowane mako, suna ranta wa juna, ba su jira minista ba. Mu kuwa da mu ke kiran sunan Jibo, sau nawa taronmu ya tashi ba a yi zancen kome ba sai na wanda zai zama sakatare?

Sabo da haka kowane reshe ya naɗa mutum biyu, mace da namiji. Ran kasuwa su rubuta kuɗin tiyar gero da na akuya, su kuma ƙidaya gidajen da suka ci bashin damina. Inda akwai bankin cimaka, su nemi a buɗe a auna abin da ke ciki a gaban jama'a. A aiko mana da lissafin kafin a fara yankan gero.