Masu Yawon Babur A Dajin Bauchi Su Fara Da Ƙofar Dagaci

Ba baƙon abu ba ne a birnin Bauchi a tarad da samari, wasu ma'aikatan ofis, wasu 'yan kasuwa, wasu ɗalibai, sun haɗa kai suna shawarar yadda za su hau baburansu ran Asabar da sassafe, su saki kwalta, su nausa daji, su kwana can, su komo ran Lahadi da la'asar. Wannan sha'awa ba abin zargi ba ce ko kaɗan. Ƙasar Bauchi tana da duwatsu da kwazazzabai da ƙoramu masu ƙayatarwa. Ga Dutsen Zaranda a kan hanyar Jos, ga duwatsun Mbula a Dass, ga zane-zanen mutanen dā a jikin duwatsun Geji, ga kuma madatsar ruwa ta Gubi nan kusa da gari. Abin takaici ne a ce an haifi yaro a Wunti ko Jahun, ya san titunan Dubai ta cikin waya, amma bai taɓa sa ƙafarsa a ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba.

Sai dai akwai gyara a yadda ake shirin. Duk wanda ya saurari irin wannan shawara zai ji maganar ba ta wuce ta inji da taya da kuɗin mai da wanda zai taho da nama. Da ƙyar za a sami mai tambayar ƙasar wa za a shiga, ko wane ne ya san da zuwansu. Alhali kuwa nan ne haɗarin yake.

Babur dai ya sāke suna a ƙauyukan Arewa. Dā can idan aka ji ƙararsa daga nesa, malamin gona ne, ko malamin asibiti, ko ɗan gari da ya zo ganin gida, yara su fito da gudu suna murna. Yanzu kuwa a kan babura 'yan bindiga ke shiga gari, su kashe, su kora shanu, su tafi da mutane. Abin ya kai ga a shekarar 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da Kaduna suka kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura da hana sayar da mai a jarka a wasu yankuna. Jihar Bauchi ma ba ta tsira ba, domin ƙauyukan da ke bakin dazuzzukan Alkaleri da na Lame-Burra sun ɗanɗana wannan masifa. To, mai karatu ya ƙaddara babura goma sun ɓullo wa ƙauye daga wajen daji gab da magariba, kowane mahayi ya rufe kansa da hular kwano, ya naɗe hanci da baki da ƙyalle saboda ƙura, ga jarkar mai ɗaure a baya. Mata za su kwashi 'ya'yansu su bazama cikin gona. 'Yan banga da maharba kuwa ba za su tsaya tambayar katin shaida ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Saboda haka shirin tafiya yana farawa ne daga ƙofar dagaci. Tun da sauran mako guda, sai a tashi mutum biyu masu natsuwa su je su yi gaisuwa, su faɗi ko su wane ne, da yawansu, da ranar zuwansu, da inda suke so su kwana. A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. A roƙi dagaci ko mai unguwa ya haɗa su da ɗan gari wanda zai shige gaba, a kuma biya shi hakkinsa ba tare da ƙwauro ba, domin baƙo makaho ne ko da yana da ido. Shi ne ya san mashigin da ke da laka, da hanyar da aka daina bi, da dutsen da mutanen wurin ba su yarda baƙo ya hau ba. Idan dagaci ya ce kada a zo a wannan mako, to magana ta ƙare, ba sai ya faɗi dalili ba. Kada ayarin ya wuce babura biyar ko shida, a isa masauki kafin la'asar ta yi sanyi, kuma da an hango rufin gari kowa ya rage gudu, ya tsaya ya tuɓe hula a ga fuskarsa, ya yi sallama.

Sai maganar lokaci. Daga watan Yuni zuwa Satumba daji duk shuka ce, ƙoramu kuma suna kawo ruwa ba zato ko da ba a yi ruwa a wurin ba, musamman a watan Agusta. Daga Oktoba zuwa farkon Disamba amfanin gona na tsaye ko yana shanye a ƙasa. Abin da ɗan birni ke gani fili ne mai daɗin gudu, sau da yawa gonar gyaɗa ce ko ta wake, wadda mai ita ya ci bashin taki ya noma. Lokacin da ya dace shi ne bayan an kawar da amfani, watau daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauko. Ko a lokacin ma akwai burtali da mashaya. Masu cire wa babur salansa don a ji su, su sani ƙarar nan tana firgita garke. Shanu su watse su faɗa lambun wani, mahaya su wuce suna dariya, su bar manomi da makiyayi da rigimar da ba su san mafarinta ba, wadda wani lokaci sai an kai ga zub da jini.

Da yawa daga masu wannan shiri Yankari ce a ransu, kuma suna da gaskiya. Tafiyar kimanin kilomita 110 ce daga Bauchi zuwa sansanin Wikki, a bi hanyar Gombe a ratse a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya komo hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, ruwan Wikki kuma ɗuminsa na nan a kan digiri 31 rani da damina. Amma Yankari ba filin sukuwa ba ce. Giwayen da ke cikinta suna daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya, giwa mai ɗa kuwa ba ta san wasa ba. Masu gadin dajin suna ɗauke da makamai saboda ɓarayin namun daji, kuma duk wanda suka tarar ya kutso ta bayan fage a kan babur, ɓarawo za su ɗauke shi. A shiga ta ƙofa, a biya kuɗin shiga, a bi abin da ma'aikata suka faɗa game da inda abin hawa zai tsaya, kallon namun daji kuma a yi shi tare da ɗan jagora.

Batun kayan aiki ba ya bukatar dogon bayani, kowane bakanike a gari zai ƙirga su: kayan faci, famfon iska, fulogi, sifana, igiya, tocila, da ruwan sha fiye da yadda ake zaton za a bukata. Hular kwano tilas ce, da takalmi mai rufe idon sawu, saboda dutse da kuma kububuwa, wadda sarar ta ke cika asibitin Kaltungo da majinyata kowace shekara. A bar wa wani a gida sunayen matafiya da hanyar da za a bi da lokacin komowa, domin waya takan ɗauke da zarar an shiga tsakanin duwatsu.

Hukumomi ma akwai nasu aikin. Jihar da ke tinƙaho da yawon buɗe ido bai kamata ta bar samarinta suna lalube ba. Ma'aikatar da ke kula da wannan fanni tana iya zama da masarautun Bauchi da Dass da ƙananan hukumomi, a fitar da hanyoyi biyu ko uku da aka amince da su, a naɗa 'yan jagora daga ƙauyukan da hanyar ta ratsa, a yanka kuɗin da za a riƙa biyansu, a kuma buɗe rajista a sakatariyar ƙaramar hukuma inda kowane ayari zai rubuta sunansa kafin ranar Juma'a.