Wanda ya buɗe fayil, shi zai rufe

1/ Masu koyar da Python da ke cewa "ba sai ka rufe fayil ba, ai zai rufe kansa", don Allah ku daina ɓata mana 'yan koyo. Zare 🧵

2/ Abin da open() ke miƙo maka abu ne mai zaman kansa. Yana riƙe da lambar da kwamfuta ta ba fayil ɗin, yana kuma tuna inda ka tsaya. Shi ya sa in ka kira read() sau biyu, na biyun wayam. Sai ka koma farko da seek(0).

3/ Rubutu ma haka. write() kan tara bayanai a gefe tukuna. Shirin ya mutu kwatsam kafin close(), shi ke nan, sakamakon ɗaliban da ka "ajiye" ya bi iska.

4/ "To ai nawa yana aiki!" Eh, saboda CPython na rufe fayil da zarar babu mai riƙe da shi. Kai wannan shirin kan PyPy ka gani, can sai ya ga dama.

5/ A Linux, galibi fayil 1024 aka yarje wa shiri ya buɗe lokaci guda. Ka yi ta tara su a jeri, Errno 24 zai tsayar da kai, kwastoma na jira.

6/ Tun Python 2.5, a 2006, akwai with:

with open("sakamako.txt") as f:

Ko kuskure ya faru a ciki, zai rufe. Layi ɗaya fa, malam. Wannan za ku koya wa yara tun ranar farko.